Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Awa Tara a Dubai

Tun kafin tafiya ta yi nisa bari in faɗa wa mai karatu gaskiya: ni dai ban taɓa zuwa Dubai ba, kuma ruwa mafi girma da na taɓa ƙetarewa shi ne kogin Kaduna, shi ma ta kan gada. Gwaggona ce ta je. Mu a gida Anti muke ce mata, amma tunda a mujallar sashen Hausa nake rubutu, kuma malamaina za su karanta, bari in kira ta da sunan da aka koya mini.

Gwaggon nan tawa ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, ta haura shekara 20 a can. A watan Fabrairu na 2024 ita da abokan aikinta suka haɗa kuɗi suka shiga irin katafaren jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda a gaskiya otal ne sukutum aka ɗora a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da wurin wanka. Jirgin yana zagaya Tekun Fasha, ya kwana yana tafiya, gari na wayewa ya tsaya a wani birni, fasinjoji su sauka su yi kallo, kafin magariba kowa ya dawo. A Dubai ya tsaya a tashar Port Rashid da ƙarfe 8 na safe, aka ce musu duk wanda ƙarfe 5 na yamma ta yi masa a waje to ya nemi hanyarsa. Awa tara ke nan.

Da ta zo gida Samaru Kataf bikin Kirsimeti a ƙarshen wannan shekarar, sai da wayarta ta yi kwana uku tana yawo daga hannu zuwa hannu a gindin mangwaron gidanmu. Ga ta a hawa na 124 na Burj Khalifa, benen da ya fi kowane bene tsawo a duniya, mita 828, motoci a ƙasa kamar tururuwa. Ga ta a Dubai Mall tana kallon kifaye ta cikin gilashi. Ga ruwa yana tsalle yana rawa da kiɗa. Ga tsibirin da aka zuba yashi a teku aka yi shi da siffar bishiyar dabino. Ga ta a kan raƙumi, ta ƙanƙame sirdi, fuska duk tsoro. Samarin gidanmu sai "kai!" da "wayyo!" suke yi. Wani ƙanena ya ce shi ko shara ce zai je ya yi a can. Wani kawuna kuma ya buɗe babin zagin shugabanni: ga mutane a tsakiyar hamada sun gina aljannar duniya, mu da ruwan sama da ƙasar noma ko fitilar titi mun kasa.

Ni ma na yi kallo, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Amma da wayar ta dawo hannuna karo na biyu sai na lura da wani abu. A cikin hotuna sama da ɗari, babu fuskar mutumin garin ko ɗaya. Sai na ce, "Anti, a cikin awa taran nan, da wa kika yi magana?" Ta yi shiru tana lissafi, can ta yi dariya ta ce, "Ɗana, da direban bas, ɗan Pakistan ne. Da mai yi mana jagora, 'yar Filifin ce. Sai wani ɗan Indiya da ya sayar mini da turare." Na ce Balarabe fa? Ta ce ta hango wasu da fararen riguna a cikin kanti, amma ko sannu ba ta haɗa su ba.

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. A nawa ganin, wanda ya sauka daga jirgi ya yi yini guda a Dubai haja ya gani, ba gari ba. Wannan kuwa ba laifi ba ne, in dai ya san abin da ya gani ke nan. Matsala takan taso ne idan ya dawo gida aka ɗauki hotunansa aka mayar da su ma'aunin auna kanmu.

Mu ɗalibai ne na harshe, don haka bari mu fara da kalma. Hausa ta kira wannan abu "yawon buɗe ido". Wato manufar yawon ita ce ido ya buɗe, mutum ya dawo ya san abin da bai sani ba a da. Amma Hausar nan dai ita ce ta raba tsakanin kallo da gani. Ana kallon wasa, ana kallon fim, ana kallon amarya. Gani kuwa yana tafiya da ganewa, shi ya sa idan malami ya yi bayani ya gama sai ya ce, "Kun gani?" Abin da ake sayar wa fasinjan jirgin ruwa kallo ne. An zaɓar masa inda bas za ta bi, an ƙayyade masa minti nawa zai yi a kowane wuri, har inda zai tsaya ya ɗauki hoto an nuna masa. Masu iya magana sun riga sun gama zancen da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bambancin kawai shi ne, a yanzu ana iya ɗaukar mutum a kai shi har ƙolin Dalar, a sauko da shi, a mayar da shi jirgi, alhali birnin bai shiga ba.

Me ya sa abin ya dame ni har haka? Domin ni ɗan zango ne. Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne. Da Tyap aka yi mini goyo, Hausa kuwa a kasuwa da coci da filin ƙwallo na tsince ta, irin wadda ba ruwanta da jinsi, sai da na zo aji ɗaya a jami'a aka raba ni da "matana ya zo". Ƙaramar hukumarmu sunanta Zangon Kataf, kuma duk ɗalibin Hausa ya san ma'anar zango: wurin da ayarin fatake ke sauke kaya, jakuna su huta, a kwana ɗaya ko biyu, a saya a sayar, madugu ya ce a tashi. To, mene ne tsayawar jirgin gwaggona in ba yada zango ba? Ita ta san abin ta ɓangaren mai wucewa. Mu kakanninmu sun san shi ta ɓangaren waɗanda ake wucewa ta kansu.

Ku dubi sunayenmu. Mu Atyap muke kiran kanmu, amma sunan da ya shiga takarda shi ne Kataf, kuma masana tarihi da dama suna danganta shi da katambari, wani itacen kwalliya da fatake ke saye a ƙasarmu. In haka ne, to da sunan hajarmu aka kira mu. Garin da na tashi, mu Cenkwon muke ce masa, duniya ta san shi da Samaru. Bajju suka zama Kaje, Ham suka zama Jaba, Gworok ta zama Kagoro, Fantswam ta zama Kafanchan. Ba ina faɗin haka don in ɗora wa falke laifi ba. Mutumin da zai kwana biyu ya wuce ba shi da lokacin koyon harshenka, abin da ya kawo shi kawai yake gani, kuma da shi zai ba da labarinka a gaba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, labarin mai wucewa yakan fi na ɗan gari tafiya nesa. Yau ga shi mu ma muna yi wa Dubai irin wannan. A bakin Bahaushe "Dubai" ta kusa tashi daga sunan gari ta koma sifa: gwal ɗan Dubai, gado ɗan Dubai, abaya 'yar Dubai. Sunan birni ya zama tambarin kaya.

To in an shiga birnin me za a tarar? Na koma ɗakin karatu da intanet na bi tarihinsa, kuma abin da na tarar ya fi dogon benen ba ni mamaki: Dubai zango ne, tun asali, kuma har gobe da sana'ar zango take ci.

A 1833 ne iyalan Al Maktoum da mutanensu suka baro Abu Dhabi suka zauna a bakin wani mashigin ruwa da ya kutso daga teku cikin yashi. Kamun kifi suke yi da nutso neman lu'ulu'u. A farkon ƙarni na 20, lokacin da hukumomin Farisa suka tsananta haraji a tashar Lingeh da ke ɗaya gaɓar tekun, sai sarkin Dubai na lokacin, Sheikh Maktoum bin Hasher, ya yafe kuɗin fito, ya ce wa 'yan kasuwar can su zo ga fili ga kariya. Suka kuwa zo. Tsohuwar unguwarsu mai hasumiyoyin jawo iska tana nan har yau, ana kiranta Bastakiya ko Al Fahidi. Wannan dabara ce ta mai zango tsantsa: ka sa falke ya ji ya fi samun sauƙi a wurinka fiye da wurin maƙwabcinka.

Daga nan sai wahala ta zo. A shekarun 1930 kasuwar lu'ulu'u ta rushe, saboda karayar tattalin arzikin duniya da kuma lu'ulu'un da Japan ta koyi renonsa a cikin ruwa. Garin ya shiga yunwa, mutane suka yi ta ƙaura. Wannan babin ba ya cikin abin da ake nuna wa fasinjan jirgi, alhali kuwa in ba a san shi ba ba za a fahimci sauran ba. Sheikh Rashid bin Saeed, wanda ya hau mulki a 1958, ya ga wannan zamani da idonsa. Abin da ya fara yi ba bene ba ne. Bashi ya ciwo daga Kuwait ya yashe mashigin ruwan da yashi ke neman toshewa, don manyan jirage su iya shigowa. A 1960 ya buɗe filin jirgin sama. Duk wannan kafin a ga ɗigon man fetur, domin sai a 1966 aka gano mai a Dubai, aka fara fitar da shi a 1969. Mai karatu ya tuna cewa mu an gano namu a Oloibiri tun 1956, wato mun riga su da shekara 10.

Da kuɗin man suka shigo, ina aka zuba su? A hanya. Tashar Port Rashid, inda jirgin gwaggona ya tsaya, an buɗe ta a 1972. Babbar tashar Jebel Ali a 1979. A 1985 aka kafa yankin ciniki marar haraji a can, kuma a shekarar ce kamfanin Emirates ya fara tashi da jirage biyu na haya daga Pakistan. Man Dubai bai taɓa yin yawan na Abu Dhabi ba, kuma a yau ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai a arzikin birnin. Benaye da tsibirai da ƙanƙarar da ake sulu a kanta a cikin kanti duk daga baya suka zo, kuma aikinsu ɗaya ne, su sa mai wucewa ya tsaya. Hatta jirgin da ya sauke gwaggona na awa tara, shi ma ayari ne da aka yi dabara aka karkato da shi.

Shi kansa Burj Khalifa yana ɗauke da wani labari a cikin sunansa. Burj Dubai ake kiransa duk tsawon gininsa. A watan Nuwamba na 2009 kamfanin gwamnati na Dubai World ya nemi a ɗaga masa biyan bashi, kasuwannin duniya suka girgiza, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10 a watan Disamba. Ranar 4 ga Janairu, 2010, da aka zo buɗe benen, sai aka ji an raɗa masa sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi. Gwaggona ta hau har hawa na 124 ta sauko, ba wanda ya gaya mata wannan. Ga ɗalibin harshe kuwa, ai nan darasin yake.

Yanzu mu dawo gida. Kawuna da ke zagin shugabanni yana tambayar me ya sa ba mu da irin benensu. Ni tambayata daban ce: me ya faru da zangonmu? Kafanchan da ke kusa da mu ƙauye ce kafin layin dogo ya iso a wajajen 1927 ya mayar da ita mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen ƙasa suka cika gari, aka yi makarantu da shaguna da unguwannin ma'aikata. Tsofaffi suna ba mu labarin yadda ake sanin lokaci da kukan jirgi. Da harkar jirgin ƙasa ta sukurkuce, sai garin ya yi sanyi, tarago suka yi tsatsa a cikin ciyawa. Zango da masu wucewa yake rayuwa. Ranar da hanya ta kauce masa, ranar ya fara mutuwa. Mutanen Dubai sun ɗanɗana wannan a zamanin lu'ulu'u, shi ya sa ba su taɓa daina gina hanyar da za ta biyo ta ƙofarsu ba.

Akwai kuma abu na biyu da ke kashe zango, wanda ya fi tsatsa muni, kuma da nauyin baki nake ambatonsa. A watan Fabrairu na 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf a kan batun sauya wa kasuwa wuri, ya sake tashi da muni a watan Mayu, har ya tsallaka Kaduna. An yi asarar rayuka da yawa, Atyap da Hausawa. Ba a haife ni ba a lokacin, kuma ba wannan ne filin raba gardamar ba. Abin da na sani shi ne na tashi na tarar da tabonsa, kuma falke ba ya sauke kaya a inda ba zai yi barci da ido biyu rufe ba. Duk wanda zai yi mana alƙawarin mayar da garinmu Dubai, kamar yadda 'yan siyasa suka saba yi a lokacin yaƙin neman zaɓe, ya fara gaya mana yadda baƙo da ɗan gari za su ci kasuwa ɗaya lafiya. Fentin shataletale ba zai yi wannan aikin ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa Dubai ta warware wannan matsala ta hanyar da za mu kwaikwaya ido rufe. Kusan mutum tara cikin goma na mazauna birnin baƙi ne. Mutum zai iya yin shekara 30 yana aiki a can, ya haifi 'ya'ya a can, amma zamansa na rataye da takardar izini, kuma da wuya ƙwarai ya zama ɗan ƙasa. Wato baƙo raɓa ne a doka, ba a karin magana kawai ba. Waɗanda suka ɗora tubalin benayen nan leburori ne daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da Nefal, da yawansu suna kwana a sansanonin bayan gari kamar wanda ake wa laƙabi da Sonapur. A 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan riƙe musu albashi da ƙwace fasfo da bashin dillalan da suka kai su. An yi gyare-gyare daga baya, har da dokar hana aiki a rana da tsakar rana daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, wadda ita kanta ta isa ta gaya maka irin zafin wurin. Jiragen yawon shaƙatawa kuwa da sanyi suke zuwa. Ƙanena mai son zuwa shara hoton watan Fabrairu ya gani, bai ga na Agusta ba. Ruwan da ke rawa da kiɗa ma, a garin da ba shi da kogi ko ɗaya yake rawa, inda kusan duk ruwan sha daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri da makamashi mai tsada.

Ga wani abin kuma da hoto bai nuna ba. A watan da gwaggona ta sauka a Port Rashid, da koren fasfo ne a hannunta da wuya ta taka ƙasar. Tun Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, Emirates ma ya daina zuwa ƙasarmu, ba a sassauta ba sai a watan Yuli na 2024, jirgin kuma ya dawo Legas a Oktoba na shekarar. Fasfon Birtaniya ne ya buɗe mata ƙofa. Alhajin Kantin Kwari da ya shekara 20 yana kai musu kuɗinsa yana saro kaya, shi yana gida yana jira.

Adalci ne in kawo abin da gwaggona ta ce da na karanta mata wannan ra'ayi nawa, domin ba ta ƙyale ni ba. Ta ce, "Ɗana, shekara nawa ina aikin dare ina juya tsofaffi a kan gado? Na biya kuɗina don in huta, ban je rubuta jarrabawa ba. Kuma ni na hango Dalar da idona, kai a wayata ka hango ta." Tsakar gida ta kwashe da dariya, ni ma na yi, don ta kama ni. Gaskiyarta ne. Hutu haƙƙi ne, kuma tafiya ko ta awa tara ce ta fi zaman gindin mangwaro. Ban da haka ma, akwai abin da ido ke kamawa ko a cikin minti biyar: ta ga titi ba shara, ta ga jirgin ƙasa na cikin gari da ke tafiya ba direba yana zuwa a kan lokaci, ta ga mace tana tafiya ita kaɗai da jakarta ba ta waiwaye. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara yarda a ce masa ba zai yiwu ba. Na sallama mata wannan. Inda ban sallama ba shi ne a ce an san garin. Rigimata ma ba da ita ba ce, da mu ne masu kallon hoton, da muke gina hukunci a kan abin da mai wucewa ya tsinto.

Da ni aka bai wa awa taran nan, na san inda zan nufa. Zan bar bas ta tafi, in je bakin mashigin ruwan nan in biya dirhami ɗaya in shiga kwalekwalen da suke kira abra in haye zuwa Deira. A can jiragen katako suke lodin firji da buhuna da tayoyi zuwa Iran da gabashin Afirka, kamar yadda kakanninsu suka yi. A can kasuwar gwal take da ta kayan yaji, a can kuma 'yan kasuwar Afirka ke sauka, har da namu na Kano. Zan kasa kunne in ji da wane harshe ake ciniki, tunda Larabci ne harshen hukuma amma Ingilishi da Urdu da Hindi ne suka cika kasuwa, kamar dai yadda Hausa ta zama harshen da ke haɗa Atyap da Ibo da Fulani a tashar motar Samaru. In na yi sa'a na ji wani ya ce "nawa ne gaskiya?" a wani lungu, to na samu ɗan jagora. Awa guda da shi a kan shayi za ta gaya mini kuɗin ɗaki, da wanda ke cutar wani, da abin da ke sa shi dawowa duk da wulaƙancin biza.

Wannan ba sabon abu ba ne a fagen karatunmu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Agadas a 1850 da Kano a 1851, ba don ya fi sauran Turawa ƙarfin ido muke karanta shi har yau ba. Ya koyi Hausa ne, ya zauna da fatake, ya tambayi farashin turkuɗi da gishiri. Abubakar Imam ma da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, tambaya ya riƙa yi, ba kallo kawai ba. Harshe shi ne ƙofar birni, mu kuwa shi muka zo jami'a mu koya. Ina ganin abin kunya ne ɗalibin harshe ya je wuri ya dawo da hoto ɗari ba tare da sabuwar kalma ko ɗaya ba. Kuma ba sai an je Dubai ba. Duk ranar 1 ga Janairu motoci kan cika Kagoro don bikin Afan, wasu su zarce Matsirga su ɗauki hoto a gaban ruwa, kafin la'asar sun kama hanyar Abuja ko Kaduna. Na sha tsayawa ina kallonsu, ina tunanin wane labari za su bayar a kanmu.

A ranar da gwaggona za ta koma, ta buɗe jaka tana rabon tsaraba, sai ta fito da wata 'yar leda mai kyau da rubutun Larabci, ta miƙa wa mahaifiyata. Busasshiyar citta ce, ta saye ta a kasuwar kayan yaji a minti goma sha biyar ɗin da aka ba su a can. Mahaifiyata manomiyar citta ce, tana cikin dubban da cutar 2023 ta cinye wa gona a kudancin Kaduna, kuma cittar yankinmu tana cikin wadda ake lodi daga Kachia da Kafanchan zuwa ƙasashen waje, har da Daular Larabawa. Ta karya ɗaya, ta shinshina, ta ɗan tauna, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta tambayi nawa aka sayar mata. Da aka juya mata kuɗin zuwa naira sai ta riƙe baki. Ta ce, "Yaya, wannan yajin irin namu ne. Ba ki tambaye shi daga ina ya saro ta ba, kuma wa ya kai masa?" Gwaggo ta ce ta so ta tambaya, amma direba yana ta danna ham.